Yadda Na-Gane Ya Koya wa Kwamfuta Aikin Likita

A wani babban asibiti an yi wani mutum da ake kira Na-Gane. Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai tsakiyarta zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane," ya juya ya je ya aikata abin da ba shi kake nufi ba. Aikinsa a asibitin gyaran na'urar buga takardu ne. Ya zaro takardar da ta maƙale, ya zuba baƙar hodar tawada, in kwamfuta ta yi gardama ya kashe ya kunna. Amma a unguwarsu Injiniya ake ce masa, don shi ya gaya musu haka, kuma yakan ce asibitin nan ba don shi ba da tuni an sa masa kwaɗo.

Wata safiya aka kira shi ɗakin gwajin tsoka a hawa na biyu, na'ura ta cinye takarda. Ɗakin na Likita ne, wata dattijuwa mai farin tabarau wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. In an yanko tsoka daga jikin majinyaci, nan ake kawo ta, a fere ta har ta fi ɓawon albasa sirantaka, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi, a rina ta. Mai rinawar wani dogo ne mai baki kamar reza, yatsunsa kullum ja-ja da shuɗi-shuɗi, kowa Mai Rini yake ce masa. In ya gama, sai Likita ta kafa ido a madubin da ke ƙara girman abu, ta yi ta dubawa.

Na-Gane yana durƙushe, kansa a cikin na'ura, ya ji Likita ta ɗago tana murza wuya.

"Ranki ya daɗe, wai me kike nema a ramin nan tun safe?"

"Ƙwayoyin da ke rabuwa nake ƙirgawa," in ji ta. "Jikin mutum duk ƙananan ƙwayoyi ne, kowace takan rabu gida biyu in lokacinta ya yi. Ciwon daji kuwa ba ya jiran lokaci. In na duba gurbi goma na ga biyu ko uku suna rabuwa, tafiyar hawainiya yake yi. In sun haura ashirin, gudu yake. Da wannan ƙidayar ake sanin irin maganin da za a ba mutum."

"Kuma da ido kike yi? A wannan zamanin?"

"Da ido. Na ji akwai wuraren da ake koya wa kwamfuta, koyo mai zurfi suke ce masa. A nuna mata hotuna dubbai waɗanda likitoci da yawa suka zauna suka yi wa alama, a gwada ta, a sake gwadawa, har..."

"Na gane," in ji shi, ya fito da kansa. "Mako biyu."

Mai Rini ya juyo. "Mako biyu me?"

"Mako biyu in kawo muku na'urar. Likita ta miƙe ƙafa ta sha shayi."

"Ita wannan da ka cusa kai a cikinta, wata nawa ke nan kana gyaranta?"

"Ai ƙaramin aiki ne, shi ya sa yake ba ni wahala. Ni ƙwaƙwalwata ta manyan abubuwa ce."

Likita ta yi murmushi. Don ta samu ya bar ta ta yi aiki, sai ta ba shi tsofaffin hotuna sittin da take koyar da ɗalibai da su, babu sunan kowa a jiki. Ta ce, "Ka yi wasanka da waɗannan. Amma gilashin majinyaci, ko da kuskure kada hannunka ya taɓa."

Na-Gane ya sauko da wata manhaja daga intanet, ya kalli rabin bidiyon da ke bayanin yadda ake aiki da ita, ya ce sauran rabin na masu taurin kai ne. Ya zuba hotuna sittin ɗin a ciki. Kwana uku sai ga shi ya shigo ɗakin gwaji da kwamfuta a hammata, yana tafiya kamar mai jiran a buga masa ganga.

"Mako biyu na ce, ko? To ku yi haƙuri, na yi muku ƙarya. Kwana uku ne. Sittin na nuna mata, sittin ta ci."

Ya nuna musu. Gaskiya ne, duk inda ƙwaya mai rabuwa take, kwamfutar sai ta zana mata akwati. Likita ta gyara tabarau. Mai Rini kuwa ya miƙe. Ya ɗauko takardar da ya naɗo burodinsa a ciki, ya zaro koren biro daga aljihun Likita, ya zana ɗan da'ira a kan takardar, ya ɗauki hotonta.

"Ba ta wannan ta duba mana."

Kwamfuta ta yi ɗan tunani, ta zana akwati, ta rubuta: ƙwaya ɗaya tana rabuwa, babu shakka.

Ashe duk hotunan nan, shekaru da suka wuce Likita ta zagaye kowace ƙwaya da koren biro don ɗalibai su gani. Kwamfuta ba ƙwaya ta koya ba, biro ta koya.

"Allah ya ba burodina lafiya," in ji Mai Rini. "Da na sani ban ci ba."

"Wannan ai nasara ce," in ji Na-Gane. "Ta nuna tana da ido. Saura in nuna mata inda za ta kalla."

Likita ta tausaya masa, ta ce ya zo ya leƙa madubi da kansa. "Ka ga waccan? Ta yi baƙi, ta dunƙule kamar zaren da ya harɗe, da ɗan gashi-gashi a gefe. Ita ce mai rabuwa. Amma ka kula, wadda ke mutuwa ma baƙa ce, ƙura ma baƙa ce, akwai kuma..."

"Na gane. Baƙi ne."

Ya koma ɗan ɗakinsa da ke ƙarƙashin matakala, ya samo wasu hotunan marasa biro, ya zauna yana yi musu alama da kansa. Duk ɗigon da ya ga ya yi duhu sai ya ce wa kwamfuta ga ta nan. Ya yi kwana huɗu yana wannan, takardu suka maƙale a kowane ofis na asibitin, ana kiran wayarsa yana cewa yana cikin bincike. Kwamfutar ta ɗauki zafi har ba a iya taɓa ta, ya je gida ya ɗauko fankar falo ya kafa mata.

A nan ne matarsa ta tare shi a bakin ƙofa. "Ina za ka da fankar? Inna ce fa take shan iska da ita."

Inna surukarsa ce. A gida ɗaya suke, ita a ƙasa, su a bene. Tela ce ta gaske, tana kuma da babban firiji da take sayar da ƙanƙara. Kwanan nan aka cire mata wani ƙulli a kafaɗa, aka kai shi ɗakin Likita, aka ce ta dawo ranar Alhamis ta sama ta karɓi sakamako. Tun daga ranar matarsa ba ta cin abinci sosai.

"Saboda Innar nake yi," in ji shi. "Wannan jiran kwana goman da ake sa mutane, ni zan kawo ƙarshensa. Ki bari ki gani."

Kafin ya kai bakin titi ya gaya wa mai aski labarin na'urar, ya gaya wa mai shago, ya gaya wa wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya. Washegari kuma, da aka matsa masa ya je ya gyara na'urar ofishin Shugaban asibiti, bai fito ba sai da ya cika wa Shugaba kunne. Shugaba mutum ne mai son sabon abu. Nan take ya ce ranar Alhamis a taron ma'aikata za a nuna wa kowa. Likita ta je ta ce masa abin bai nuna ba tukuna. Shugaba ya ce ai gani ya kori ji.

Ranar Litinin da tsakar rana, Na-Gane ya hau ɗakin gwaji ya zuba hoda a na'ura. Hodar ta zube masa a hannu kamar kullum, ya goge a wando. Ya duba, Likita ta tafi wani zama, Mai Rini ya fita cin abinci. Ga gilasai jere a kan tire, kowane da lambarsa. Lambar Inna kuwa ya haddace ta daga katinta.

Ya tuna da gargaɗin Likita. Sai ya ce a ransa ai majinyaci ta ce, ba ta ce suruka ba.

Ya ɗauko gilashin, ya ga kamar da ɗan hazo a kai, ya murje shi da babban yatsa don ya yi kyau. Ya sa a madubi, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi, ya sauka da sauri. A ƙarƙashin matakala ya ba kwamfuta hoton. Daƙiƙa huɗu ta cika allo da akwatuna, ta rubuta ɗari tara da saba'in da uku.

Abin da ya fara zuwa masa daɗi ne, daƙiƙa huɗu kacal. Sai daga baya lissafin ya sauka masa a ciki. Ya tuna ashirin ɗin da Likita ta ce, ya tuna Inna da take ajiye masa ƙanƙara kyauta duk ranar da aka yi zafi. Ya zauna a kan kwalin takarda.

Da la'asar ya sami matarsa a kicin tana yanka albasa. Ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya, ya gaya mata.

"Likita ce ta faɗa?" in ji ta.

"Wadda ta fi Likita ce ta faɗa."

Wuƙar ta suɓuce mata. Ta zauna a ƙasa, ta rufe baki da gefen zani. Ya ce kada ta kuskura ta gaya wa Inna. Bai san Inna tana tsaye a bayan ƙofa ba, ta hawo dawo musu da kwano.

Ta turo ƙofar. "Nawa ka ce?"

Na-Gane ya rusuna, idonsa a ƙasa. "Ɗari tara da saba'in da uku, Inna."

"Mai tsananin nawa ne?"

"Ashirin."

Inna ta ajiye kwanon a hankali. Ta ɗan yi lissafi da yatsu. "Ashe ma na daɗe da mutuwa, ba a dai gaya mini ba ne." Ta dubi 'yarta. "Tashi, share hawayenki. Muna da aiki."

Inna ba mai son barin kaya a watse ba ce. Washegari da hantsi ta sa aka fito da komai tsakar gida. Tukwane ta raba wa matan gidan, kowa da tata. Keken ɗinki ta ba matar mai gadi, wadda ta daɗe tana sha'awar koyo. Yadudduka, kujeru, tabarma, har agogon bango, duk suka sami sababbin iyaye. Mutane suna karɓa suna kuka, wasu suna kukan suna leƙen abin da ya rage.

Sai firiji. A ɗakin da ke kallon nata akwai matar direba, wadda suka shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji, a kan igiyar shanya. Inna ta taka har ƙofarta ta yi sallama. Kowa ya juyo yana kallo.

"'Yar'uwa," in ji Inna, "igiyar nan taki ce. Tun farko ma taki ce. Ga firiji kuma, ki riƙa tunawa da ni."

Matar direba ta fashe da kuka, ta rungume ta, ta ce ita ce mai laifi, ita ce ta yanke igiyar a shekara ta uku. Inna ta ce ta sani. Maza huɗu suka kinkimi firijin suka shigar da shi.

Da aka gama, Inna ta sa aka kira mata surukinta. Ya zo ya tsuguna daga nesa.

"Injiniya, na kira ka ne in yafe maka. Na yafe maka rediyona da ka buɗe, ka mayar, ka ce sauran kusoshin ba su da amfani. Na yafe maka dutsen gugana. Na yafe maka ranar da ka zo neman 'yata ka ce saura wata uku ka zama matuƙin jirgi."

"Na gode, Inna."

"Ban gama ba."

Sai da ta yi kusan rabin sa'a tana yafewa, maƙwabta suna gyaɗa kai, wasu suna tuna mata waɗanda ta manta.

A unguwa kuwa sunansa ya ƙara tashi. Mai aski ya tare shi ya nuna masa wani tabo a wuya, ya ce ko na'urar za ta duba. Mai shago ya ce shi ma a sa sunansa a layi. Na-Gane ya ce kowa ya bari sai bayan Alhamis, don manya ne za su fara gani. Matarsa ce kaɗai ba ta shiga wannan ba. Sau uku tana roƙonsa ya je ya sami Likita ta tabbatar. Sau uku yana cewa ba sai an dame ta ba. Gaskiyar magana, bakinsa nauyi ya yi, don in ya tambaya dole ya faɗi yadda aka yi gilashin ya zo hannunsa.

Ranar Alhamis ɗakin taro ya cika, likitoci a gaba, ma'aikatan jinya a baya, har masu shara sun jingina da bango. An kafa majigi, an haɗa madubi da kwamfuta don kowa ya gani a allo. Tun da safe Na-Gane ya buga takardar jawabinsa kwafi hamsin, na'ura ta maƙale sau biyu, ya gyara ta da hannu. Ya ari farar riga irin ta likitoci, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba.

"Shugaba, manyan baƙi," in ji shi, ko da yake babu baƙo ko ɗaya. "Yau ido ya yi ritaya."

Shugaba ya tafa. Likita ta miƙa gilashi na farko, daga na koyarwa. Ta ce ciwo ne mai gudu, ita ta ƙirga talatin da ɗaya. Na-Gane ya karɓa, ya sa, ya danna. Allo ya cika da akwatuna. Ɗari shida da arba'in.

"Kun gani," in ji shi. "Ta ga abin da ido bai gani ba. Ba laifin Likita ba ne, shekaru ne."

Likita ta zare gilashin. Ta miƙa na biyu, ta ce wannan lafiyayyar tsoka ce, babu ciwo a cikinta. Ya danna. Ɗari bakwai da biyu.

Aka fara gunaguni. Wata ma'aikaciyar jinya daga baya ta ce, "Ke nan mai lafiyar ya fi mai ciwon ciwo?"

"Ciwon bai fito ba tukuna," in ji Na-Gane, gumi ya fara tsattsafo masa. "Na'urar hangen gaba take yi. Shi ya sa ake ce masa mai zurfi."

Mai Rini ya taso da na uku, fuskarsa babu alamar wasa. Na-Gane ya fizge, ya riƙe shi ta tsakiya, ya sa. Ɗari biyu da goma sha biyar.

"Wannan da sauƙi," in ji shi. "A gaya wa mai shi ya gode wa Allah, amma ya fara magani."

"Zan gaya masa," in ji Mai Rini. "Yana cikin kwali da 'yan'uwansa. Sabon gilashi ne, yanzu na ɓare shi, ko tsoka ba a ɗora masa ba."

Dariya ta ɓarke. Wani likitan ƙashi har da dukan tebur. Shugaba ya daina murmushi, ya fara duban takardar jawabin da ke hannunsa kamar wani ne ya cusa masa ita. Na-Gane ya ga ruwa ya kai masa wuya, sai ya kama abin da ya zo hannu.

"Ku yi dariyarku. Na'urar nan ta riga ta gano majinyaciya ta gaske, wadda har yanzu asibitin nan bai ba ta sakamako ba. Ɗari tara da saba'in da uku. Da hannuna na ɗauki hoton."

Dariyar ta tsaya cak. Likita ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Wace majinyaciya?"

Kafin ya sami abin faɗa, ƙofar baya ta buɗe. Inna ce, 'yarta na biye da ita. Sun zo karɓar sakamako, aka ce musu Likita tana taro su jira, Inna ta ce mai ƙirgaggun kwana ba ya zaman benci.

"Ni ce," in ji ta. "Likita, ba zan ɓata miki lokaci ba. Ki gaya mini kwana nawa suka rage, don in san ko in sayi sabon sabulu ko in lallaɓa da guntun da ke hannuna."

Likita ta tashi ta karɓi katinta, ta duba lambar. Ta ce su je ofis su yi magana su biyu.

"Faɗi a nan, Likita. Babu abin ɓoyewa, duk unguwarmu ta sani, har mai aski."

Likita ta buɗe jakar takardun da ke gabanta ta zaro guda. "Inna, kitse ne. Dunƙulen kitse kawai, an cire shi, ya tafi ke nan. Na duba gurbi goma, na ƙara goma, ban ga ƙwaya ko ɗaya tana rabuwa ba. Ki sayi sabulunki, ki sayi babba."

Matar Na-Gane ta dafe bango. Ta fara kuka, kukan ya juye dariya, ta rungume uwarta ta baya.

"Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki," Likita ta ci gaba. "Ranar Litinin na tarar da gilashinki duk baƙar hoda, da shatin yatsa a kai, sai da Mai Rini ya goge shi kafin in iya dubawa. Injiniya, ɗaga hannuwanka mu gani."

Ya so ya cusa su a aljihu, amma rigar aro ce, aljihun a ɗinke yake. Ya ɗaga. Yatsu goma, baƙi ƙirin da hodar tawada, a cikin hasken majigi.

"To ga ciwon dajin nan," in ji Mai Rini. "Kuma yana yaɗuwa, duk abin da ya taɓa sai ya kamu."

Wannan karon har Shugaba sai da ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago, ya haɗe fuska ya ce an dakatar da Na-Gane mako biyu, kuma daga yau ba zai sake shiga ɗakin gwaji ba sai da ɗan rakiya. Likita ta matso kusa da shi, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Irin na'urar nan ana yin ta, kuma ina fatan in yi aiki da ita kafin in ajiye aiki, don wuyana ya gaji. Amma abin da ka nuna mata shi take koya. Kai kuma ka sa baiwar Allah ta kwana uku tana jiran mutuwa. Wannan ba abin dariya ba ne."

Karo na farko a rayuwarsa, ya bari aka kai ƙarshen magana.

Ita kuwa Inna tun ɗazu tana tsaye tana kallon takardar. Can ta ɗago a hankali, ta nemi surukinta da ido har ta same shi.

"Firijina," in ji ta.

Da yamma unguwa ta fito kallo. Na-Gane ne da baro, yana bi ƙofa ƙofa, Inna na biye da shi tana nuna masa hanya da sanda. A kowace ƙofa sai ya yi sallama ya yi bayani da bakinsa, don haka Inna ta sharɗanta. Tukwane suka dawo, ɗaya ma da miya a ciki. Kujeru suka dawo. Matar mai gadi ta fito da keken ɗinki tana murna da hawaye, Inna ta ce ta riƙa zuwa kullum da safe tana koya mata. Mai aski ya leƙo ya ce a cire sunansa daga layi, tabon nasa ya gode.

"Yafiyar da na yi maka ma na karɓe abata," in ji Inna. "Rediyo, dutsen guga, jirgin sama, duk suna nan."

"To, Inna."

Aka zo ƙofar matar direba. Ta fito da fara'a, ta yi wa Inna barka, ta ce wallahi ta fi kowa murna. Da ta ga baro sai fara'ar ta ragu.

"Ai na cika shi da kifi."

"Sai ki kwashe."

"Haba 'yar'uwa, da girmanki za ki lashe amanki? Kyauta fa kika ba ni, a gaban jama'a."

"Kyautar mamaciya ce. Ki duba ni da kyau, na yi miki kama da mamaciya?"

"To igiyar fa? Kin ce tawa ce."

"Ciwo ne ya sa ni faɗa."

"Wane ciwon? An ce kitse ne."

Inna ta yi wa Na-Gane nuni ya shiga ya fito da shi. Ya shiga, ya rungumi firijin, ya jawo shi da baya har rabinsa ya fito. Matar direba ta zagaya ta ciki ta riƙe ɗaya gefen. Firiji ya cije a bakin ƙofa, Na-Gane ya matse tsakaninsa da bango, kumatunsa manne da ƙarfe, ruwan kifi na ɗiga masa a takalmi. Ta samansa matan biyu suka buɗe tsohon littafi tun daga shekarar farko, kowace tana kiran shaidu.

Matarsa tana zaune a kan matakala, ta riƙe ciki don dariya. Matar mai gadi ta ce ba za ta je ta raba su ba?

"A bar su," in ji ta tana share ido. "Rabon da in ji muryar Inna ta kai haka tun kafin a yi mata aiki."

Na-Gane ya samu ya ɗan juyo da baki, ya yi tambaya cikin ladabi, ciki za a yi da shi ko waje.

"Waje," in ji Inna.

"Ciki," in ji matar direba.

Nan ya tsaya rungume da firiji har direban ya dawo daga aiki, ya tarar babu hanyar shiga ɗakinsa, ya jawo ɗaya daga cikin kujerun Inna ya zauna a cikin 'yan kallo.